Kadawa

Kadawa gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Garun Malam ta Jihar Kano, yana kudu da birnin Kano a gefen babbar hanyar da ta nufi Zariya. Ƙasar yankin shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan gangare, kuma ruwan sama yakan sauka ne daga watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, kamar sauran ƙasar Kano.

Kafin zuwan ruwan madatsar Tiga, noman Kadawa na damina ne: gero, dawa, gyaɗa da wake, sai ɗan lambu a fadama. Da an yi girbi aiki ya ƙare, matasa da yawa su tafi cin rani. Wannan tsari ya sauya bayan da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka kammala a 1974. Daga can ake sako ruwa ta babbar magudana, ya gangaro da kansa ba tare da inji ba, ya rarrabu a ƙananan magudanai har bakin gonaki. An tsara kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ce ke kula da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da tashar binciken noman rani a garin.

Tun daga nan rani ya zama lokacin da aka fi aiki a Kadawa. Ana shuka alkama a sanyin hunturu, ana kuma noma shinkafa, masara da albasa, amma tumatir ne ya fitar da sunan garin. A kasuwar Kwanar Gafan da ke kusa, dillalai kan loda kwanduna a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. Matsalar tumatir ita ce ba ya jira: idan ya nuna gaba ɗaya farashi ya faɗi, wanda bai sayar ba sai ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, ko kuwa ya yi asara.

Don rage wannan asara ne kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016, mai iya niƙa tan 1,200 a rana. Sai dai a wannan shekarar tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir na Kano, kuma masana'antar ta sha tsayawa saboda ƙarancin kaya. Magudanan ruwa su ma suna fama da ciyawar kacalla da yashi da ke toshe su, abin da ya sa masu gonakin da ke ƙarshen layi sukan samu ruwa a makare.