Ƙananan Hukumomi da Koyon Sana'a: Daga Ina Aka Faro?

Tun kafin a san wani abu wai shi ma'aikatar ilimi, hukuma ta riga ta tsoma baki tsakanin mai sana'a da yaronsa. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila da ya yi zamani kusan shekara 3,800 da suka wuce, an ce idan mai sana'ar hannu ya ɗauki ɗan wani ya rene shi ya koya masa sana'ar, ba mai ƙwace yaron. Idan kuwa bai koya masa ba, yaro na da damar komawa gidan ubansa. Ashe tun wancan lokaci an san halin wasu iyayen gida: a ɗauki yaro da sunan koyo, a ƙare da shi wajen shara da aike.

A biranen Turai na da can, ƙungiyoyin masu sana'a ne ke riƙe da wannan harka tare da majalisar gari. Su ke faɗin yawan yaran da maigida zai ɗauka, da shekarun da za a yi kafin yaye. A Ingila, a kan takarda ɗaya ake rubuta yarjejeniyar sau biyu, sai a yanka ta gida biyu, yanka mai kwana-kwana, maigida ya riƙe ɓari, dangin yaro su riƙe ɓari. Ran da rigima ta tashi sai a kawo su gaban hukuma a haɗa bakin, in sun dace to ba ƙarya. A 1563 aka mai da wannan tsari dokar ƙasa: shekara bakwai ba ragi, kuma alƙalan sulhu na kowane yanki ne masu sa ido.

Inda abin ya ɓaci shi ne bayan dokar kula da matalauta ta 1601. Dokar ta ba gundumomin coci, waɗanda su ne ƙaramar hukuma mafi kusa da talaka a lokacin, ikon miƙa marayu da 'ya'yan marasa galihu ga masu sana'a, namiji har ya kai shekara 24, mace har 21 ko ta yi aure. A takarda taimako ne. Amma daga baya doka ta tanadi cewa yaron da ya kwana 40 yana koyo a wata gunduma ya zama ɗan can, nauyinsa ya koma kansu. Nan fa jami'ai suka ga hanyar sauke kaya. Da masaƙun auduga suka bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 18, sai gundumomin Landan suka riƙa loda yara a keken doki zuwa arewacin ƙasar, inda suke wuni tsaye gaban inji suna ƙulla zaren da ya tsinke, ba tare da sun koyi abin da zai ciyar da su gobe ba. Sai a 1802 aka yi dokar da ta ƙayyade musu aikin awa 12 a rana tare da wajabta koya musu karatu da rubutu da lissafi, ita ma ba a bi ta yadda ya kamata ba. A ganina wannan ne babi mafi muni a tarihin gaba ɗaya, kuma bai kamata duk wani kansila da ke alfahari da yawan matasan da ya "tura koyon sana'a" ya jahilce shi ba.

A 1814 aka soke wajabcin shekara bakwai ɗin, hukumomin gari suka ja da baya na tsawon lokaci. Da suka dawo, ta ƙofar makaranta suka shigo. Dokar 1889 ta ba majalisun yankuna a Ingila damar karɓar ɗan haraji don koyar da fasaha. Shekara guda bayan haka aka samu wani abin dariya: kuɗin harajin barasa da aka tara da niyyar biyan diyya ga masu mashayar da za a rufe, sai majalisar dokoki ta karkatar da su ga ƙananan hukumomi. Da waɗannan kuɗi, da ake wa laƙabi da kuɗin wuski, aka kafa azuzuwan dare da kwalejojin fasaha da dama.

Wanda ya fi nuna abin da gari zai iya yi shi ne Georg Kerschensteiner, da ya zama shugaban makarantun birnin Munich na Jamus a 1895. Ya tarar da makarantun ci gaba da karatu inda ake tara yaron kafinta da yaron maƙeri da yaron tela a aji guda, a gajiye bayan aiki, ana maimaita musu darasin firamare. Sai ya raba su bisa sana'a, ya sa aka gina wuraren gwaji da kayan aiki a cikin makarantun, ya jawo gwanayen sana'a suka zama malamai, ya kuma matsa aka riƙa sakin yara da rana su zo aji. Gari ya ɗauki nauyin gini, maigida ya ci gaba da koyarwa a shago. Wannan raba aiki na daga cikin tushen tsarin da Jamus ta tabbatar da dokar 1969, kuma har yau a can galibi hukumomin gari ne ke kula da ginin makarantun sana'a da kayansu.

Faransa ma ta bi sahu da dokar Astier ta 1919, wadda ta ɗora wa hukumomin gari shirya darussa kyauta ga ma'aikatan da ba su kai 18 ba, sai harajin koyon sana'a ya biyo a 1925.

Daga nan aka shiga ja-in-ja, a ba su yau a karɓe gobe. Faransa ta miƙa ragamar ga gwamnatocin yankuna a 1983, ta janye yawancin ikon a 2018. Ingila ta fitar da kwalejoji daga hannun ƙananan hukumomi a 1993. Da ta kawo sabon harajin koyon sana'a a 2017, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na albashin duk ma'aikatar da ke biyan sama da fam miliyan 3 a shekara, sai majalisun suka tsinci kansu a layin masu biya kamar kowane kamfani. Kenya kuwa akasin haka ta yi. Cibiyoyin sana'a na ƙauye da majalisar coci-cocin ƙasar ta fara a 1968, tsarin mulkin 2010 ya damƙa su ga gundumomi 47, yayin da manyan kwalejojin fasaha suka zauna a hannun gwamnatin tsakiya.

Hujjar masu son a bar wa gari ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: shi ya san ko masu walda sun yi yawa, masu gyaran famfo sun yi ƙaranci. Masu son tsakiya kuma suna cewa takardar shaidar da ba a yarda da ita a garin maƙwabta ba, ba ta da amfani, kuma garin da ya fi yawan matasa marasa aiki shi ne sau da yawa ya fi ƙarancin kuɗin shiga. Kowanne da gaskiyarsa, sai dai na lura an fi yin gardamar a kan wa zai riƙe asusu, ba wa zai leƙa shago ya ga ko an taɓa bai wa yaro sufana ya kwance inji da hannunsa ba.

Dabarar da wasu majalisu suka koma yi yanzu ba ta cin kuɗi sosai: duk ɗan kwangilar da ke son aikin titi ko ginin gidaje, sai an rubuta masa a sharaɗi yawan masu koyo da zai ɗauka. A 2023 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da shawara mai lamba 208, wadda ta nemi a yi yarjejeniya a rubuce, a biya mai koyo hakkinsa, a ƙayyade masa lokutan aiki, a ba shi hutu. Shawara ce dai, ba ta tilasta wa kowace ƙasa.