Yawon Buɗe Ido na Al'umma a Karkara

Yawon buɗe ido na al'umma shi ne tsarin da mutanen ƙauye da kansu suke karɓar baƙi masu zuwa ganin gari, su sauke su, su ciyar da su, su zaga da su, kuɗin kuma ya tsaya a hannunsu. Abin da ya raba shi da na kamfani shi ne wa ke da ta cewa. A nan 'yan gari ne ke ƙayyade yawan baƙin da za su shigo, da inda ƙafa za ta taka, da inda ba za ta taka ba.

Inda aka gwada

A 1996 Namibiya ta yi dokar da ta bai wa al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajin yankinsu. Ruwanda tana ware wa ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun daji kaso daga kuɗin da masu yawon buɗe ido ke biya, kashi 5 cikin ɗari daga 2005, aka mayar da shi kashi 10 a 2017. A ƙauyen Ogimachi na Japan mazauna sun yi alkawari a 1971 cewa ba za su sayar da tsofaffin gidajensu ba, ba za su ba da su haya ba, ba za su rushe su ba. A 1995 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya. Tun 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya take karrama fitattun ƙauyukan yawon buɗe ido da mutanensu ba su wuce 15,000 ba, kuma Wonchi ta Habasha na cikin rukunin farko.

Yadda ake kafa shi

A ƙasar Katsina da Daura daga mai unguwa ake farawa, sai dagaci da hakimi, tare da limamin gari. Wanda ya tsallake su ya yi aikin banza. Daga nan a yi rajistar ƙungiyar gama kai, a buɗe asusun banki wanda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi shi kaɗai ba. Kafin baƙo na farko ya iso a rubuta rabon kuɗi gida uku: na wanda ya yi aiki, na gyare-gyare, da na gari, kamar gyaran rijiyar burtsatse. Saukar baƙi kuma bi da bi ake yi.

Masauki shi ke buƙatar lura. Baƙo namiji iyakarsa zaure, don haka ɗakinsa ya kasance da ƙofarsa daban. Amma daka, kaɗi, saƙar faifai, matsar man gyaɗa da tuyar ƙuliƙuli duk a cikin gida ake yin su. In babu mata 'yan rakiya da za su shiga da baƙi mata, rabin abin kallo ya ɓace, kuɗin kuma ya ƙare a aljihun maza. Ɗakin soro na tubali da azara ya fi na kwano sanyi, shi baƙi suka fi so, sai dai yana son yaɓe da gyaran indararo duk shekara kafin damina. In indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan rufi, azara ta ruɓe. Salga ta yi nesa da rijiya aƙalla mita 30. Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, an gama girbi, zafi bai shigo ba.

Abin da ke rusa shi

Galibi rabon kuɗi ne. Da zarar gida biyu ko uku sun mamaye baƙi, saura sai su juya baya. Raba wa yara kuɗi da alawa yana koya musu bara, ɗaukar hoton mace ba izini kuwa yana iya rufe ƙofar gari baki ɗaya.

Sai tsaro. A Kure, kusa da Yamai a Nijar, 'yan rakiya sun kasance suna cin abinci da nuna raƙuman dawa, har wani hari a Agustan 2020 ya hallaka mutum takwas, baƙi suka ɗauke ƙafa. A wannan shekarar ce korona ta rage matafiya tsakanin ƙasashe da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Shi ya sa ba a barin noma saboda baƙi.

A Katsina abin kallo ba ya kaɗan: rijiyar Kusugu a Daura, Hasumiyar Gobarau, kaburburan Durɓi Takusheyi a Mani, ga hawan salla. Matsalar ita ce masu zuwa yini suke yi su koma otal a birni, ƙauyukan gefe ba su ga ko sisi ba. Yankuna irin su Batsari, Safana da Jibiya, inda 'yan bindiga suka addaba, sai an jira zaman lafiya. Inda hanya ke da kyau, kasuwar da ta fi tabbas ita ce ta gida: ɗaliban jami'a, 'yan bautar ƙasa da 'yan makarantar sakandare da ake kawowa a motar makaranta, waɗanda kwanan dare ɗaya da tuwo da fura bai fi ƙarfinsu ba.