Waiwaye: Waɗanda Suka Raya Ƙasar Noman Kano da Yadda Yabonsu Ya Ɓace

Duk lokacin da aka taso da tarihin noma a Kano, abubuwa uku ne ke fara zuwa bakin mutane, wato dalar gyaɗa da madatsar ruwa ta Tiga da kasuwar hatsi ta Dawanau, sannan a ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata da Gwamna Audu Baƙo. Babu mai jayayya cewa waɗannan bayin Allah sun cancanci ambato, domin ayyukansu suna nan ana cin moriyarsu. Sai dai akwai wasu mutane da suka riga su aiki, kuma da ba don su ba da babu gyaɗar da za a jera dala da ita, su ne ƙananan manoman da ke kewaye da birnin, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ƙasar ta mutu ba. Tarihin yadda ake girmama su, da yadda girmamawar ta riƙa zamewa daga hannunsu, shi ne abin da ya kamata a waiwaya.

Tun asali Kano birni ne da ya haɗa gidaje da gonaki a cikin ganuwa ɗaya. Baturen nan ɗan yawon buɗe ido Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a shekarar 1824, ya lura cewa gidaje ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Bajamushe Heinrich Barth da ya zo a 1851 shi ma ya yi mamakin albarkar ƙasar Kano da yawan jama'arta. Abin da baƙin ba su tsaya sun yi bayaninsa sosai ba shi ne cewa wannan albarka aikin hannu ce. Ƙasar da ke kewaye da Kano jigawa ce mai yashi, kuma idan aka bar ta babu taki shekaru kaɗan ne za ta gaji.

Dabarar da manoman suka ɓullo da ita ta ɗaure birni da ƙauye da igiya ɗaya. Da rani, bayan an gama kaka, manomi zai ɗoro wa jakinsa itacen girki ko kara ko harawa ya shigo birni ya sayar, idan zai koma kuma ya cika mangala da toka da shara da kashin awaki da tumaki daga juji da gidajen mutane, ya kai gona ya zuba tsibi-tsibi kafin saukar ruwan farko. A gida kuma ana ɗaure dabbobi da damina, ana ciyar da su ciyawar da aka cire daga gona, abin da suka yi na kashi ya sake komawa gonar. Ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa a kunya ɗaya ko kusa da juna, wake ya ba da ƙwaya ga mutane da harawa ga dabbobi, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Haka nan manomi ba ya share gonarsa ƙwal, yana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, kowanne da mai shi kuma kowanne da amfaninsa. Gawo musamman abin sha'awa ne, domin yana kaɗe ganyensa da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya lokacin da dabbobi ke cikin tsananin buƙata, su taru a inuwarsa su bar taki a gindinsa. Duk manomin Kano ya san gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo tun kafin wani masani ya auna dalilin hakan.

Al'umma a wancan zamani tana da hanyarta ta nuna wa irin waɗannan mutane cewa an san da zamansu. Sarautar Sarkin Noma ita ce mafi shahara, kuma a al'adar ƙasar Hausa ana danganta ta da manomin da ya kai ga noma dami dubu na hatsi, ya ciyar da mutane, ya ba maƙwabta iri idan nasu ya ƙare. Shi ne ke kan gaba idan an kira gayya, kuma ana jin maganarsa idan rigimar iyakar gona ta taso. Akwai kuma masu sarautun da ke lura da daji da ruwa, akwai burtalin da dagaci da mai unguwa ke karewa domin shanun Fulani su wuce ba tare da sun yi ɓarna ba, bayan girbi kuma a gayyaci makiyayi ya sauka a gona shanunsa su ci kara su bar taki. Kirarin da ake yi wa noma cewa na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar, ya fito ne daga mutanen da ke ganin manomi a matsayin ginshiƙin gari. Muhimmin abu a nan shi ne, waɗanda ke bayar da girman sun ga gonar da idonsu, sun ƙirga damman da suka shiga rumbu.

Zuwan Turawa ya canza ma'aunin. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma burin Turawan Ingila shi ne a noma musu auduga domin masaƙunsu. Manoman Kano suka duba farashi, suka duba abin da ƙasarsu za ta iya ɗauka, suka zaɓi gyaɗa, wadda ba ta hana su noman abinci kuma ganyenta abincin dabbobi ne. Daga 1912 gyaɗa ta fara cika tashar jirgi fiye da yadda kowa ya zata. Wannan shawara ce ta dubban talakawa, amma da aka zo rubuta tarihi sai sunan ya tafi ga kamfanonin Turawa da manyan dillalai, daga baya kuma ga hukumar ciniki da ke sayen gyaɗar a farashin da ta ga dama. A ɓangaren itatuwa kuwa, dokokin gandun daji suka mayar da manomi abin zargi, har ya zama sai ya nemi izinin malamin daji kafin ya sare bishiyar da kakansa ya raina a gonarsa. An riƙa yin bikin baje kolin amfanin gona ana raba kyaututtuka, gaskiya ne, sai dai galibi ana yaba wa wanda ya bi umarnin malamin gona ne, ya rungumi garmar shanu ko sabon iri.

Abin mamaki, daga jami'a aka fara dawo wa manoman Kano da haƙƙinsu. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, a lokacin da ake ta hasashen cewa yawan jama'a zai cinye ƙasar ya mayar da ita hamada. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa duk da cunkoson mutane da noma babu hutu, ƙarfin ƙasar bai rushe ba, kuma itatuwan da ke cikin gonakin kusa da birni ba su ragu yadda aka yi tsammani ba, saboda masu su na kula da su kamar yadda suke kula da dabbobinsu. Wannan bincike ya shiga manyan muhawarori na duniya kan kwararowar hamada, amma manoman da aka yi binciken a gonakinsu da wuya a ce labarin ya komo kunnensu.

Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, su suka karkatar da hankalin gwamnati gaba ɗaya ga manyan ayyuka. An kammala madatsar Tiga a 1974, aka buɗe noman rani a yankin Kadawa da Kura, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, a shekarar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, daga baya kuma aka kafa KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, da tallafin Bankin Duniya. An samu alheri mai yawa, domin shinkafa da tumatir da alkamar da ake nomawa a wannan yanki sun rufa wa iyalai da dama asiri. Amma a wannan zamani ne kalmar taki ta koma nufin buhun takin zamani da ake rabawa ta hannun 'yan siyasa, kuma aka fara auna ƙoƙarin manomi da yawan buhunan da ya samu. A can ƙasan kogi kuma, masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru, waɗanda rayuwarsu ta dogara da ambaliyar shekara-shekara, suka wayi gari ruwan ya canza hali, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, ba tare da an nemi shawararsu ba tun farko.

Yana da kyau a dubi maƙwabta domin a ga bambanci. A shekarar 2018 an ba Yacouba Sawadogo, wani manomi daga Burkina Faso, lambar yabo ta duniya da ake kira Right Livelihood saboda farfaɗo da matacciyar ƙasa ta hanyar haƙa ramuka ana zuba taki a ciki. A shekarar ta 2018 ne kuma aka ba da irin wannan lambar ga Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ya yi aiki da manoman Maraɗi a kan renon tohon itatuwa a gona, abin da ya mayar da miliyoyin hekta kore a Jamhuriyar Nijar. Tushen abin da aka yaba a can, wato barin bishiya a gona da mayar da taki cikin ƙasa, shi ne abin da manoman Kano suka gada kaka da kakanni. A ganina babban rashi ne a ce har yau ba mu da wata tsayayyar hanya ta zaƙulo irin waɗannan mutane a cikinmu, alhali sarautar Sarkin Noma a wurare da yawa ta koma hannun masu kuɗi da masu muƙami waɗanda ba su san zafin fartanya ba.

Akwai kuma waɗanda ko a zamanin da ba a cika ambatonsu ba. Mata su ne ke kiwon yawancin awaki da tumakin da takinsu ke raya gona, su ne ke sarrafa kalwa ta zama daddawa, wanda hakan ne ya sa ɗorawa ke da darajar da za a bar ta a tsaye, kuma a gidaje da yawa su ne ke adana iri. Irin wake na gargajiya kamar Kanannado da Ɗan'ila, waɗanda masu bincike a reshen Kano na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka yi aiki a kansu, sun wanzu ne saboda wasu iyalai sun ƙi yarda su ɓace. Haka masu lambu a gefen kogin Jakara, waɗanda ke kawo latas da kabeji da alayyafo kasuwannin birni, an fi tunawa da su idan ana maganar gurɓataccen ruwan da suke ban ruwa da shi, ba a cika tambayar waye ya gurɓata ruwan ba.

Yanzu dai tsohuwar alaƙar birni da ƙauye tana tsinkewa. Sharar birni ta cika da leda da fasassun kwalabe da batura, saboda haka manomin da ya sayi lodin tifa sai ya ɓata kwanaki yana tsincewa kafin ta zama taki. Birnin kansa yana cinye gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu, kuma tun da dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, diyyar da ake biya idan an karɓi gona ana lissafa ta ne a kan shuka da gini da itatuwa masu amfani. Babu wani layi a takardar lissafin da ke nuna kimar takin da iyali suka shekara ɗari suna zubawa a wannan ƙasa. Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da masarautar Kano da ma'aikatar gona ta jiha suna da ikon da za su haɗu su tattara sunayen tsofaffin manoman da har yanzu ke riƙe da wannan ilimi, gunduma-gunduma, su rubuta abin da suka sani, su kuma sa a keɓe wasu daga cikin gonakin da ke da manyan itatuwa kafin a yanka su fuloti.