Sihiri, Doguwar Tafiya da Neman Kai: Tambayoyi Kan Labaran Almara na Matasa

Akwai wani irin littafi da za ka miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha huɗu wanda ba ya son karatu, ka dawo da tsakar dare ka tarar ya lulluɓa yana haska shafi da fitila. Labaran almara na matasa ke nan, inda yaro ko yarinya ke wayar gari da wata baiwa ta sihiri, a tura su nemo wani abu a bangon duniya. Iyaye da malamai da masu sha'awar rubutu suna yawan tambaya a kansu.

Wane irin labari ake nufi, kuma me ya raba shi da tatsuniya?

Ƙagaggen labari ne da ake ginawa a duniyar da abin da ba ya yiwuwa a tamu yake yiwuwa. A can ana kiran iska da sunanta ta amsa, ana ciniki da dodo mai aman wuta, ana buɗe ƙofar ma'ajiyar tufafi a faɗa wata ƙasa. Masu kula da ɗakunan karatu a Amurka suna ɗaukar 'yan shekara 12 zuwa 18 a matsayin masu karatu na daban, kuma tun 1957 ƙungiyarsu ta ware musu sashe. Jarumin labarin yakan kasance sa'an mai karatun, ko ya girme shi kaɗan.

Da tatsuniya kuwa jininsu ɗaya, amma halinsu ya bambanta. Gizon da aka buɗe tatsuniya da shi, shi ne dai Gizon da ake ƙurunƙus da shi. Ko ya sha duka, gobe zai sake wata dabarar. A littafin almara na matasa, idan jarumi ya kai shafin ƙarshe da halin da ya fara da shi, marubucin ya gaza. Sannan duniyar labarin tana da taswira da tarihi da dokoki, wani lokaci har da harshenta, kuma mai karatu yana riƙe marubuci da su.

Yaushe aka fara rubuta su?

Saiwar ta daɗe. Tafiye-tafiye bakwai na Sindibad a *Dare Dubu da Ɗaya* suna da duk kayan haɗin, haka ma *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da ya fito a 1934, inda Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. A Ingila, *The Hobbit* na J.R.R. Tolkien ya fito a 1937, littattafan Narnia bakwai na C.S. Lewis suka biyo baya daga 1950 zuwa 1956. Waɗannan don yara aka rubuta su. Wanda ya nufi matasa kai tsaye shi ne *A Wizard of Earthsea* na Ursula K. Le Guin a 1968, wanda ta rubuta bayan mai buga littattafai ya nemi ta yi wani abu don yaran da suka fara tasawa. Kasuwar kuwa ta buɗe ne da littattafan Harry Potter bakwai na J.K. Rowling, daga 1997 zuwa 2007. An sayar da fiye da kwafi miliyan 500, aka fassara su zuwa harsuna sama da 80, kamfanonin ɗab'i suka shiga neman irinsu ido rufe.

Me ya sa kullum sai an yi tafiya? Ba za a iya labarin a gida ba?

Za a iya, amma tafiya tana yin wani aiki da zaman gida ba ya yi. A gida kowa ya san yaro, an riga an yanke wane ne shi: ɗan wane, ƙanin wance, rago ko mai ƙoƙari. Da ya fita, babu wanda ya san shi, sai abin da hannunsa ya aikata.

Masana sun daɗe da lura cewa irin wannan tafiyar tana da ƙashin baya ɗaya. Vladimir Propp, ɗan Rasha, ya zauna da tatsuniyoyin ƙasarsu ɗari, a 1928 ya nuna cewa matakai 31 ne suke ta maimaitawa: a rasa wani abu, jarumi ya fita, ya gamu da mai jarraba shi, a ba shi wani laƙani, ya yi karo da mugu, ya komo. Joseph Campbell a 1949 ya dunƙule abin zuwa uku, wato rabuwa da gida, shan gwaji, da komowa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, tun 1909 Arnold van Gennep ya bayyana kusan waɗannan matakai uku, amma shi ba labari yake nazari ba. Yana duba yadda al'ummomi daban-daban suke fitar da yaro daga ƙuruciya su shigar da shi sahun manya: a raba shi da mutane, a riƙe shi a tsakani, a dawo da shi da sabon matsayi. Matashi yana tsakiyar wannan matakin ne. Ya wuce a goye shi, bai kai a saurare shi ba. Shi ya sa labarin mutumin da ya bar gida bai isa masauki ba yake kama zuciyarsa fiye da ta kowa.

Me ya sa jaruman suke yawan zama marayu?

Domin uwa mai rai da lafiya ba za ta bar ɗanta ya tafi kogon dodo ba. Marubuci yana buƙatar ya janye manya daga fili kafin yaro ya ɗauki nauyi. Saboda haka ne ma tsohon malamin da ke koya wa jarumi yakan mutu ko ya ɓace kafin karon ƙarshe.

Tunda sihiri ne, ai marubuci zai iya yin duk abin da ya ga dama?

A nan ne masu fara rubutu suke yawan zamewa. Idan jarumi zai iya kaɗa sanda ya warware kowace matsala, babu dalilin da zai sa mai karatu ya ji tsoro dominsa, labarin da babu tsoron asara a cikinsa kuwa lami ne. Brandon Sanderson, marubucin almara na Amurka, ya bayyana wannan a wata maƙala a 2007. Ma'anar maganarsa ita ce, gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihirin labarin, gwargwadon haka marubuci yake da izinin warware rikici da shi. Daga baya ya ƙara da cewa iyakar sihiri ta fi ƙarfinsa daɗin labari.

Ka duba manyan littattafan, za ka ga duk sun ɗaure kansu. A duniyar Harry Potter ba a dawo da matacce, ba a kuma samar da abinci daga babu. A Earthsea, duniyar littafin Le Guin, ba ka da iko a kan abu sai ka san sunansa na ainihi, koyon sunayen kuma aikin shekaru ne. Duk abin da ka taɓa yana girgiza wani abu a wani wuri: ka kori hadari daga kanka, ya je ya sauka a kan wasu. Shi ya sa malamin jarumin, mutumin da ya taɓa kwantar da girgizar ƙasa, yake barin ruwan sama ya jiƙa shi. Yaron yana ganin haka ransa ya ɓaci, yana ganin an kawo shi wurin wanda ba ya koyar da komai.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Littafin da sihirinsa ba ya cin komai na mai shi, ko ƙarfin jiki, ko shekaru, ko wani da yake ƙauna, ni ban cika gama shi ba.

Ana cewa jigon waɗannan labarai shi ne mutum ya gano kansa. Me hakan ke nufi a aikace?

Misalin da ya fi kowanne fito da wannan shi ne na Ged a littafin Le Guin. Yaro ne mai baiwa, talaka, mai zafin kai. A makarantar masu sihiri da ke tsibirin Roke wani ɗalibi ya riƙa yi masa kallon raini, shi kuma don ya nuna ya fi shi sai ya kira ruhin wata matacciya. Ƙofar da ya buɗe ta fito da wata inuwa marar suna, ta yage masa fuska, shugaban makarantar ya rasa ransa wajen rufe ɓarakar. Daga nan Ged ya shiga gudu, tsibiri zuwa tsibiri, inuwa na bin sa. Sai da ya koma wurin tsohon malaminsa, wanda ya raina da farko, aka ce masa ya juya ya bi abin da ke bin sa. Ya bi ta a jirgin ruwa, shi da abokinsa guda, har suka wuce ƙasa ta ƙarshe. Da suka yi ido huɗu sai ya kira ta da suna. Sunan da ya kira nasa ne, Ged. Bai kashe ta ba, rungumar ta ya yi suka zama ɗaya.

Babu wani mugun sarki a labarin, babu rundunar da aka karya. Girman kai da hassada da tsoron mutuwa na yaron su ne dodon, kuma bai sami lafiya ba sai da ya yarda nasa ne. Matashi ya san wannan inuwar ko da bai iya faɗar sunanta ba. Yana cikin shekarun da jikinsa ke canjawa, fushinsa ke ba shi mamaki, yake gano cewa zai iya cutar da wanda yake so da kalma ɗaya. Baiwar sihirin da ke ɓarke wa jarumi ba shiri, ta fasa abin da bai yi niyya ba, hoton wannan halin ne. Idan ka ce wa yaro ya yi hattara da girman kai, ya ji wa'azi ya wuce. Idan ya yi kwana uku yana gudu tare da Ged, shi zai gaya maka.

Iyaye da yawa suna tsoron kada karanta labarin sihiri ya ɓata tarbiyya ko imanin yaro. Tsoron yana da tushe?

Damuwa ce ta gaske kuma ba ta wata al'umma ɗaya ba ce. A jerin da ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta fitar na littattafan da aka fi neman a cire daga makarantu da ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, Harry Potter ne na ɗaya, kuma batun tsafi na cikin manyan ƙorafe-ƙorafen. A ɗaya gefen, Tolkien da Lewis mutane ne masu riƙo da addininsu na Kirista, kuma Lewis ya saƙa aƙidarsa cikin Narnia da gangan.

Abin da ke cikin waɗannan littattafai ƙirƙira ce ta marubuci. Kalmomin da jarumai ke furtawa yawanci an ƙago su ne ko an lanƙwaso su daga Latin, babu abin da suke motsawa. Matashi ya san haka, kamar yadda ƙaramin yaro ya san kura ba ta magana. Duk da haka uba ko uwa su suka san ɗansu, kuma suna da hakkin zaɓa masa. Shawarata ita ce su karanta littafin da kansu tukuna. Sau da yawa za su tarar abin lura yana wani wuri, domin littattafan da aka yi don 'yan shekara 16 zuwa sama sukan ƙunshi zubar da jini da soyayyar da ba ta dace da ɗan shekara 12 ba, alhali a kanta ɗaya ake jera su.

Duk jaruman Turawa ne a ƙasashen dusar ƙanƙara?

An daɗe a haka, ko da yake Le Guin tun 1968 ta yi Ged da fata mai duhu. Yanzu fagen ya faɗaɗa. A *Akata Witch* na Nnedi Okorafor, 2011, jarumar Sunny zabiya ce 'yar shekara goma sha biyu, haifaffiyar Amurka da ke zaune a Nijeriya. A duniyar labarin, abin da mutane suke gani naƙasa a jikinka shi ne mafarin baiwarka, kuɗin masu sihirin kuma yana zubowa ne duk lokacin da mutum ya koyi wani sabon abu. Tomi Adeyemi a 2018 ta fitar da *Children of Blood and Bone*, wanda ta gina bisa al'adun Yarabawa, labarin yarinyar da ke neman dawo da sihirin da wani sarki ya kashe masu shi. Ta bayyana cewa kisan baƙaƙen fata a hannun 'yan sandan Amurka ne ya tunzura ta rubuta shi.

Manya ma suna karantawa?

Sosai. Wani binciken kasuwar littattafai da aka yi a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na masu sayen littattafan matasa 'yan shekara 18 ne zuwa sama, kuma mafi yawansu kansu suke saya wa.

Ta yaya za a gane mai kyau daga wanda aka yi don kasuwa kawai?

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne yawan labarin zaɓaɓɓe, yaron da wani tsohon duba ya ce shi kaɗai zai ceci duniya saboda jinin da ya gada. Yana da daɗin ji, musamman ga yaron da ake mantawa da shi a aji. Amma idan aka tsaya a nan, an gaya wa mai karatu cewa daraja gado ce, wanda bai gada ba ya koma gefe ya yi tafi. Littattafai masu kyau suna amfani da duban su kuma kwance shi, su nuna zaɓin da yaron ya yi da kansa ne ya kai shi inda ya kai. Akwai kuma ciwon jan labari, abin da littafi ɗaya zai ɗauke a miƙe shi zuwa biyar.

Ni komowa nake dubawa. Marubucin da ya san aikinsa ba ya barin gida ya karɓi jarumi kamar bai je ko'ina ba. Bilbo na *The Hobbit* ya yi sama da shekara a tafiya, ya yi zance da dodo, ya ga abokinsa Thorin ya mutu bayan yaƙi. Da ya iso ƙofar gidansa sai ya tarar an ɗauka ya mutu, ana gwanjon kayansa, danginsa suna auna ɗakunansa don su ga ko kujerunsu za su shiga. Dole ya sayi wasu kayan nasa da kuɗinsa, wasu cokulan azurfarsa ba su dawo ba har abada, maƙwabta kuma suka daina ɗaukar sa mutumin kirki. Shi kuwa bai damu ba, ya koma rubuta waƙoƙi da ziyartar baƙin abokan da ya yi a hanya.