Fashin Baƙi: Tankin Mai a Fiffiken Tsohon Jirgi, a Cire ko a Bari?

Duk wanda ya saba da Ƙofar Ruwa ta Kano ya san yadda ake yi da mota. Mai babbar mota ya ga tankinsa ya yi masa kaɗan, sai ya kira mai walda, kafin la'asar an ɗaura masa na biyu. Ran da ya gaji da shi a kwance a jingine jikin bango, ba mai tambayarsa takarda. Da wannan tunanin wani ƙanena ya same ni, bayan ya ga hoton wani tsohon ƙaramin jirgi da ake sake wa riga, mai shi yana shawarar fitar da tankunan da ke cikin fukafukai. Ya ce, "Yaya, ai ragewa zai yi ba ƙari ba. Mene ne abin neman izini a nan?"

A dokar jirgin sama, ragi da ƙari duk sunansu ɗaya, sauyi.

Bari mu ɗauki jirgin da aka fi yin wannan muhawara a kansa, Piper J-3 Cub, wanda aka ƙera a Amurka daga 1938 zuwa 1947. Ƙarafa ne aka haɗa aka lulluɓe da yadi, kujera biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Tankinsa na asali guda ne, galan 12, wajen lita 45, yana can gaba tsakanin inji da ƙafafun mai kujerar gaba. Ma'aunin mansa abin dariya ne: 'yar waya ce aka soke a jikin abin toshe kwalba mai yawo a kan mai, ta leƙo ta murfin tanki a gaban gilashi. Tana nitsewa, mai na ƙarewa. Injinsa mai ƙarfin doki 65 kan sha kamar lita 15 a awa. Masu son tafiya mai nisa suka riƙa ƙara tanki a cikin fiffike. Yau magadansu ne ke son cirewa, wani don tankin ya fara yoyo, wani don nauyi, wani kuma don kawai jirgin ya koma yadda ya fito daga kamfani.

Tushen dokar shi ne yarjejeniyar Chicago ta 1944 da ta haifi ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Rataye na 8 na yarjejeniyar ya raba aiki biyu. Ƙasar da aka zana jirgi ita ke amincewa da zanensa, ta ba da takardar shaidar samfuri. Ƙasar da aka yi masa rajista kuma ita ke sa ido a kan lafiyarsa. Jirgin da ke ɗauke da lambar rajista mai farawa da 5N na Najeriya ne, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ke da shi, a ƙarƙashin Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 da ƙa'idojin hukumar, inda kashi na 5 ya yi maganar cancantar tashi. Takardar cancantar nan a kan ƙafa biyu take tsaye: jirgin ya dace da zanen da aka amince da shi, sannan yana cikin halin da zai tashi lafiya. Mutane kan riƙe ta biyun su manta ta farkon. Jirgi zai iya zama garau, inji na kuka daidai, amma in abin da ke jikinsa ya saɓa da abin da ke takarda, a idon doka bai cancanci tashi ba.

Sauyi iri biyu ne, ƙarami da babba. Babba shi ne wanda zai iya taɓa nauyi, daidaito, ƙarfin ƙashin jirgi ko yadda yake tafiya a sama. Taɓa tsarin mai da taɓa cikin fiffike duk a nan suke faɗawa. Babban sauyi kuwa ba a yin sa da "na san aikin". Sai da zane da bayanan da hukuma ta amince da su, injiniya mai lasisi ko gidan gyara mai izini ya yi aikin, ya sa hannu, a kai wa hukuma rahoto.

Abin da injiniya zai fara tambaya shi ne, tankin daga ina ya zo? In da shi jirgin ya fito daga kamfani, cire shi barin zanen asali ne, kuma neman amincewa da sabon zane a kan jirgi mai shekara tamanin aiki ne ja. In kuwa daga baya aka ƙara shi, to akwai wata takarda da ake kira STC, wato ƙarin izini a kan takardar samfuri, wadda hukumar FAA ta Amurka kan bayar ga jiragen da aka zana a can. Wannan ya fi sauƙi, domin komawa za a yi gidan jiya. Amma sauƙin ba na zare tanki a rufe rami ba ne. Lokacin da aka sa shi, wataƙila an yanke wani haƙarƙarin fiffike ko an sauya wayoyin da ke ɗaure cikinsa. Duk sai an mayar da su yadda zanen kamfani ya nuna. A cire bututu da famfon zaɓen tanki, a kankare rubutun gargaɗin da ke gaban matuƙi, a zare shafukan da aka ƙara a littafin jirgi, a sabunta lissafin nauyi da tsakiyar nauyi, galibi bayan an hau da jirgin kan sikeli.

Wannan tsakiyar nauyi ba wasa ba ce. A J-3, matuƙi in shi kaɗai ne, kujerar baya yake zama. Da kamfanin ya fito da magajinsa, PA-11, a 1947 ya kai tankin cikin fiffike, matuƙi ya dawo kujerar gaba. Wurin zaman tanki yana da hannu har a wurin zaman mutum.

Akwai dabara ta uku da nake ganin ita ce mafi muni, a bar tankin a ciki babu mai, a toshe bututun a yi shiru. An ɗauki nauyinsa ba a ci amfaninsa ba, takarda na cewa yana aiki alhali ba ya yi, kuma wata rana wani yaron filin jirgi zai ga murfi ya ɗura masa mai. Ita ma sai da izini da rubutu. In aka yi haɗari, masu binciken NSIB, hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, littafin tarihin jirgin za su buɗe, kamfanin inshora ma haka.

Saura shawarar kanta, wadda doka ta bar wa mai jirgi. A nan yanayin Kano ke jan mutum gefe biyu. J-3 ba a yarda ya wuce kilo 550 ba, shi kuma fanko ya kai wajen 345. Litar man jirgi kilo 0.72 ce, don haka tankin gaba ya ci kilo 32, saura kamar 170 na mutum biyu. Ƙara wata lita 45 da nauyin tankin kansa, sai ka ga magidanta biyu masu ƙoshi ba za su shiga tare ba. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai 40, iska kan yi sakayau, fiffike da inji duk su yi kasala, kowane kilo sai an ji shi a titin tashi. Wannan hujjar masu cirewa ce.

Masu bari kuma su nuna maka hazo. Kano, garin da jirgi ya fara sauka a ƙasar nan a 1925, har yau hunturu kan rufe masa sama, manyan jirage ma su juya. Ƙa'idar ICAO ta ce mai tafiya da ido da rana ya sauka da ragowar man minti 30 aƙalla. Lita 45 awa uku ce, cire rabin awa, saura biyu da rabi, a gudun kilomita 120 a awa wajen kilomita 300 ke nan, in iska ba ta tare ka ba. Zariya, inda kwalejin koyon tuƙin jirgi take tun 1964, za ka je ka dawo da ƙyar. Maiduguri kuwa kusan kilomita 500 ce a miƙe, ga iskar hunturu daga can take busowa, ga man irin waɗannan injuna ba a kowane fili ake samunsa ba.

Da na kai nan ƙanen nawa ya ce, "To Yaya, in naka ne fa?" Na ce masa in shawagi zan riƙa yi a kan Dala da Goron Dutse da sassafe in sauka, zan cire, in biya injiniya ya yi takardun. In kuwa zan doshi gabas a watan Janairu, tankin yana nan, sai dai a gyara yoyon.