Dokar Kulawa ta Ingila: Me Ta Tanadar wa Tsoho da Mai Jinyarsa a Gida?

A Ingila, idan tsufa ko ciwo ya hana mutum yi wa kansa wanka, girki ko zagayawa, doka ta ɗora wa ƙaramar hukumar yankinsa alhakin duba halin da yake ciki. Wannan ita ce dokar kulawa ta 2014, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2015.

Komai yana farawa ne da tantancewa, kuma kyauta ce, ko mutum mai hali ne ko talaka. Ana duba fannoni 10, ciki har da ci da sha, tsaftar jiki, sa tufafi, zirga-zirga a cikin gida ba tare da haɗari ba, da zumunci. Wanda lalurarsa ta sa ya gaza a biyu ko fiye, har abin ya taɓa jin daɗin rayuwarsa sosai, ya cancanci taimako.

A nan ne kunya ke cutar da dattawanmu mazauna can. Ma'aikaciya za ta tambayi Hajiya ko tana iya wanka, ta ce "Alhamdulillahi, ina iyawa", alhali sai ta dafa bango, ta huta sau uku kafin ta fito. A idon doka, abin da kake yi da azaba, ko cikin kasada, ko yake cinye maka lokaci fiye da kima, daidai yake da wanda ka kasa. A faɗi gaskiyar rana mafi tsanani.

Sai batun kuɗi. Mai ajiyar da ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Wanda bai kai haka ba, hukuma na tallafa masa gwargwadon samunsa. Muddin a gida ake kula da shi, ba a lissafa gidan da yake zaune a ciki.

Tanadin da na fi so shi ne mutum zai iya karɓar kuɗin a hannunsa ya ɗauki mai taimakon da ya yarda da ita, misali mace mai jin yarensa wadda ta san alwala da abincin halal. Sai dai galibi ba a yarda a biya ɗan uwan da suke gida ɗaya ba.

'Yar da ke ɗawainiya da mahaifiyarta ita ma tana da hakkin a tantance nata buƙatun, har da samun hutu.