Fahimtar Gani: Aikin da Ke Tsakanin Gani da Ganewa

Hausa ta daɗe da rarrabe gani da ganewa. Mutum yana iya cewa "na gan shi amma ban gane shi ba," kuma babu mai cewa maganarsa ta ci karo da juna, domin kowa ya san siffar mutum tana iya shiga ido ba tare da zuciya ta tantance ko wane ne ba. Ratar da ke tsakanin waɗannan kalmomi biyu ita masana ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam suke nufi da fahimtar gani, wato dukkan aikin da ƙwaƙwalwa take yi na karɓar saƙon da ido ya aiko, ta tsara shi, ta ba shi ma'ana, har mutum ya san abin da ke gabansa itace ne ko inuwa, kusa yake ko nesa, tsaye yake ko tafe. Likitocin ido da na ƙwaƙwalwa suna amfani da kalmar, haka masu koya wa yara karatu da masu ƙera kwamfutocin da ke gane fuska, sai dai da yawa daga masu jin ta suna ɗauka ƙarfin ido ake nufi, alhali mutum yana iya samun ido garau amma ganewa ta gagare shi.

Rabon ido a wannan aiki bai kai yadda ake zato ba. Haske yana shiga ta ƙwayar ido, madubin da ke ciki ya tattara shi ya jefa a kan wata siririyar shimfiɗa da ke can baya, wadda ake kira retina, kuma hoton da yake faɗawa a kanta a kife yake, kamar yadda Johannes Kepler ya bayyana tun a 1604. A cikin retina akwai ƙwayoyi masu karɓar haske iri biyu. Masu siffar sanda sun kai kimanin miliyan 120, su ne ke aiki a cikin duhu-duhu amma ba su san launi ba. Masu siffar mazurari kuwa kimanin miliyan 6 ne, sun kasu gida uku, kuma daga gwama amsoshinsu ake samun dukkan launukan da muke gani. Jijiyar gani da ke ɗauke da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa kuwa zarenta bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa tun saƙon bai bar ido ba an riga an tace shi, an fifita iyakokin abubuwa da wuraren da haske ya sauya, an yi watsi da mafi yawan sauran.

Ko abin da ya rage ɗin ma ba daidai yake ko'ina ba. Wurin da ido yake gani tar ɗan gurbi ne a tsakiyar retina, wanda faɗin abin da yake kamawa bai fi girman farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Don haka ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana zabura daga nan zuwa can kimanin sau uku a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana ɗinke waɗannan guntaye ta miƙa wa mutum duniya mai natsuwa wadda ba ta girgiza. Akwai kuma wurin da jijiyar gani take fita daga ido, inda babu ƙwayar karɓar haske ko ɗaya, wanda Bafaranshe Edme Mariotte ya gano a shekarun 1660. Mai son tabbatarwa sai ya ɗiga alamu biyu a takarda, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, ya rufe idon hagu, ya kafa na dama a kan alamar hagu, sannan ya riƙa matso da takardar a hankali. A wata tazara alamar dama za ta ɓace, kuma abin lura shi ne ba baƙin rami zai gani a wurin ba, farar takarda zai gani, domin ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ke kewaye da shi ba tare da ta nemi izininsa ba.

Daga ido saƙon yana ratsawa ta tsakiyar ƙwaƙwalwa ya isa ɓangarenta na baya, wajen ƙeya. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna, ta hanyar gwaji a kan kyanwa, cewa ƙwayoyin jijiyar wannan wuri kowace da abin da take jira: wata ba ta motsawa sai ta ga layi a tsaye, wata sai a kwance, wata sai a karkace, wata kuma sai layin yana tafiya ta wani ɓangare. Wannan aiki ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981. Ma'anarsa ita ce babu wani allo a cikin kai da ake haska cikakken hoto a kansa. Wargaza abin da aka gani ake fara yi, sannan a sake harhaɗa shi mataki-mataki, daga layi zuwa kusurwa, daga kusurwa zuwa siffa, daga siffa zuwa abin da ke da suna. Duk da tsawon wannan hanya, gwajin da Simon Thorpe da abokan aikinsa suka yi a Faransa, suka wallafa a 1996, ya nuna cewa kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa ya ishi ƙwaƙwalwa ta fara bambance hoton da ke da dabba da wanda babu.

Daga ƙeya hanya tana rabuwa biyu. Ɗaya tana gangarowa ta gefen kai, ita ce mai amsa tambayar "mene ne wannan?", ɗaya kuma tana hawa sama, ita ce mai lura da inda abu yake da yadda hannu zai kai gare shi. Abin da ya fi fito da wannan rabuwa fili shi ne labarin wata mata da ake kira da haruffan D.F. a rubuce-rubucen masana, wadda gubar iskar kabon monoksaid ta lalata mata hanyar farko, kuma Melvyn Goodale da David Milner suka yi nazarinta a farkon shekarun 1990. Idan aka nuna mata tsaga aka tambaye ta a tsaye take ko a kwance, ba ta iya faɗa, amma idan aka ba ta kati aka ce ta zura, sai hannunta ya juya shi daidai ya zura ba tare da lalube ba. Hannunta yana amfana da ganin da ita kanta ba ta san tana yi ba.

A ganina, wanda ya fi kowa kama bakin zaren tun da wuri shi ne Hasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra a wajajen 965, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Alƙahira. An fi tuna shi da kafa hujjar cewa haske ne yake shigowa ido daga abubuwa, saɓanin masu cewa ido ne yake fitar da haske, amma a littafinsa Kitab al-Manazir ya yi wata magana da ta fi wannan zurfi: abin da ido yake karɓa kai tsaye haske ne da launi kawai, nisa da girma da siffa da ganewa kuwa hukunci ne da hankali yake yankewa ta hanyar kwatanta abin da ke gabansa da abin da ya saba gani, cikin saurin da mutum ba ya ankara. Bayan ƙarni takwas, a 1867, Bajamushe Hermann von Helmholtz ya sake faɗar kusan haka, ya kira shi kintacen da ake yi ba da sani ba. Misalinsa yana faruwa kullum. Idan mutum ya ninka nisansa daga gare ka, hotonsa a retina yana raguwa da rabi, amma ba ka taɓa jin ya koma wada, domin ƙwaƙwalwa ta sa nisan a lissafi. Karin maganar nan ta "ido ba mudu ba ne amma ya san kima" ta yi daidai, sai dai a yi mata ɗan gyara: ƙwaƙwalwa ce ta san kimar, ido ɗan aike ne.

Launi ma da irin wannan kintace ake samunsa. Farar takarda fara ce da rana, fara ce kuma a ƙarƙashin fitila mai ja-ja, ko da yake hasken da take turowa ido ya bambanta ƙwarai, saboda ƙwaƙwalwa tana ƙiyasta irin hasken wurin ta cire shi. Hoton rigar nan da ya karaɗe intanet a Fabrairun 2015 ya tona wannan asiri, inda wasu suka rantse fara ce da ruwan zinare, wasu suka ce shuɗiya ce da baƙi. Ainihin rigar shuɗiya ce da baƙi, amma hoton bai nuna irin hasken da aka ɗauke shi a ciki ba, don haka kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata zato, kuma wanda tasa ta ɗauka rigar tana cikin inuwa mai shuɗi-shuɗi ya cire shuɗin ya ga fari.

Fuska tana da matsayi na musamman, har a 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka bayyana wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa da ya fi motsawa idan an ga fuska fiye da kowane abu. Wanda wannan tsari ya samu matsala a gare shi yana fama da abin da ake kira makantar fuska: yana ganin ido da hanci da baki sarai, amma sai ya ji murya ko ya lura da tafiya kafin ya gane ɗan uwansa. Kishiyar haka ita ce saurin da masu lafiya suke yi wajen hango fuska a cikin gajimare ko a gaban mota.

Sannan akwai rawar da hankali yake takawa, wadda ta isa ta sa a yi hattara da cewa gani ya kori ji. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce su ƙirga jifan da ɓangare ɗaya ya yi. Ana cikin haka wani mai sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyarsu, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba, duk da cewa hotonsa ya faɗa a idanunsu kamar na kowa.

Ko wannan ƙwarewa da ita ake haihuwar mutum? A 1688 William Molyneux, ɗan ƙasar Ailan, ya aika wa masanin falsafa John Locke tambaya: wanda aka haifa makaho, ya saba bambance abu mulmulalle da mai kusurwoyi ta hanyar taɓawa, idan idonsa ya buɗe zai iya bambance su da kallo kawai? An shafe fiye da shekara 300 ana gardama kafin a samu damar gwadawa yadda ya kamata, a ƙarƙashin shirin Prakash da Pawan Sinha ya kafa a Indiya domin yi wa yaran da aka haifa da yanar ido aiki. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa jim kaɗan bayan aikin, yaran suna iya bambance siffa da siffa da ido, amma idan aka sa musu abu a hannu ba tare da sun gani ba, sannan aka ce su nuna shi da kallo a cikin abubuwa biyu, amsarsu ba ta fi ta mai canka ba. Da aka sake gwada su bayan 'yan kwanaki, sun riga sun fara haɗa abin da hannu ya sani da abin da ido yake kawowa.